Fim da Nagetif: Tarihin Hoto a Zangunanmu na Kurmi

 

Yau ina so ne in taɓo wani ɓangare na tarihinmu, mu Hausawa mazauna kudancin ƙasar nan, wanda ban cika jin ana zancensa ba, wato tarihin hoto. Ba hoton waya nake nufi ba, wanda yaro zai ɗauki ɗari biyu a wajen biki guda ya goge su kafin gari ya waye. Ina nufin hoton fim, wanda sai an ɗauka, an kai wanki, an jira, sannan a ga abin da Allah ya yi. Mu 'yan tsiraru ne a nan Badun da har yanzu muke riƙe da irin wannan kyamara don sha'awa kawai, kuma yawan gardamar da muke yi a kan hotunanmu ita ta sa na koma bin diddigin yadda abin ya zo mana tun farko.

Shi dai hoto a shekarar 1839 aka bayyana wa duniya shi a birnin Faris, ta hannun wani Bafaranshe mai suna Daguerre. A lokacin a kan farantin ƙarfe ake yinsa, daga baya aka koma gilashi. Fim na naɗi kuwa George Eastman na Amurka ne ya yaɗa shi, da kyamararsa ta Kodak a 1888. Tana zuwa da fim mai cin hoto 100 a ciki, idan ka cinye sai ka mayar da kyamarar dungurungum kamfani, su wanke, su sa maka sabon fim su dawo maka da ita. A 1900 ya fito da Brownie a kan dala 1, daga nan ne hoto ya zama abin da talaka ma zai iya taɓawa.

A ƙasar nan ta bakin teku abin ya shigo, don haka mutanen kudu suka riga mu nesa ba kusa ba. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, wanda ya rasu a 1905 yana ɗan shekara 30 da kaɗan, shi ne ya ɗauki sanannen hoton nan na Sarkin Bini Ovonramwen a cikin jirgin ruwa a 1897, lokacin da Turawa suka ci garinsa za su kai shi Kalaba. A Ikko kuma akwai George Da Costa wanda ya buɗe shagonsa a 1895, ya kuma ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta nufi Arewa. Wannan hanyar jirgi ita ce ta iso Badun a 1901, ta isa Kano a 1911, kuma ita ce ta kwaso mafi yawan kakanninmu da shanunsu, ta riƙa mayar da huhunan goro. Ke nan ana iya cewa kyamara ta ga hanyar tun kafin mu biyo ta.

To amma ina mu a cikin hotunan wancan zamani? Muna nan, sai dai ba mu da suna. Duk wanda ya taɓa duba katunan hoto na zamanin Turawa zai ga an ɗauki mutum da rawaninsa da tabarmarsa da kayan kolinsa, a ƙasa an rubuta "Bahaushe ɗan kasuwa", shi ke nan. Ba sunansa, ba garinsu, ba a ma faɗi ko ya yarda a ɗauke shi ba. Haka sojojin nan da ake kira Hausawan Glover, waɗanda aka fara tarawa a Ikko a 1863, za ka gan su a jere da bindigogi, sunan Baturen da ke zaune a tsakiya kawai za a ba ka. Ni wannan yana ci mini rai, don ina da yaƙinin cewa wasu daga cikin waɗannan fuskoki suna da jikoki a Agege da Obalende yau, ba su sani ba.

Unguwarmu ta Sabo a 1916 aka kafa ta. Kafin nan Hausawa a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarabawa. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kanmu wanda ya fito a 1969. Ya yi bayani mai kyau a kan masu gida da dillalai, da cinikin shanu da goro, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta haɗa kan unguwa. Littafin yana da amfani, ina kuma ba matasanmu shawara su neme shi. Amma abin da baƙo ya gani ne. Abin da mutanen Sabo suka so a gani game da kansu, wannan a shagon mai hoto suka bar shi.

Masu hoton nan kuwa kusan dukansu Yarabawa ne, sai ɗaiɗaikun Ibo da mutanen Bini. Bahaushe bai ɗauki hoto sana'a ba da wuri, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: malamai sun daɗe suna saɓani a kan halaccinsa, wasu na cewa sura ce, wasu na cewa inuwa ce aka kama kamar ta madubi. Kakana har ya bar duniya hoto ɗaya tak ya yarda aka yi masa, shi ma don fasfo ɗin Makka. A ganina aikin hajji ya fi komai karya wannan ƙyama, domin babban malamin da ba zai tsaya gaban kyamara don ado ba, dole ya tsaya idan yana son takardar tafiya. Daga nan sai lasin tuƙi, sai katin makaranta, sai aka wayi gari abin ya zama jiki.

Masu ƙaramin ƙarfi wurin masu akwati suke zuwa, irin waɗanda ke zama a bakin tasha ko gefen kotu. Akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da hannun riga baƙi a jikinsa. Mai hoto zai zaunar da kai, ya cire murfin madubi ya ƙirga a ransa ya mayar, sannan ya zura hannu cikin akwatin ya wanke takardar a 'yan tasoshin da ke ciki, ba tare da yana gani ba. Abin da zai fara fitowa juyayye ne, fuska fara fat, farar hula baƙa ƙirin. Sai ya manna wannan a wani ɗan allo gaban madubin ya sake ɗauka, sannan hoton gaskiya ya fito. Cikin 'yan mintoci ka karɓi abinka da ɗanyensa. Ɗakin duhu ne sukutum a cikin akwati, kuma har gobe ina jinjina wa wanda ya fara wannan dabara.

Masu hali kuwa situdiyo suke zuwa, musamman ranar Sallah ko an dawo daga Makka. Wani Ba'amurke, Stephen Sprague, ya yi bincike a kan masu hoton garin Ila-Orangun ya wallafa a 1978, inda ya nuna cewa Yarabawa suna da zamansu na hoto: a zauna a fuskanci kyamara sosai, hannuwa a kan gwiwa, a fito da mutum tun daga hula har takalmi. Ya kuma ba da labarin yadda idan ɗan tagwaye ya rasu ake buga hoton mai ran sau biyu a takarda ɗaya don ya tsaya a madadin ɗan'uwansa. Da na karanta sai na ɗauko albam ɗin gidanmu, na ga ashe irin wannan zama aka yi wa iyayenmu, don mai hoton abin da ya iya ke nan. Sai dai Bahaushe ya ƙara nasa. Za a baje babbar riga har aikin wuyan ya fito tsaf, a ɗan janye hannun riga don agogo ya leƙo, carbi a hannun dama, wani lokaci rediyo a gefe a kan tebur. Alhaji sabon dawowa kuwa sai ya ɗan yi murmushi, ba don fara'a ba, don haƙorin Makka. A baya ga labule an zana jirgin sama ko bene mai hawa uku.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasa ne. Waɗannan hotuna saƙo ne. Mutum ya baro Bichi ko Gwarzo ko Illela shekara biyar, ba waya, wasiƙa ma sai an nemi mai rubutawa. Sai ya yi hoto ya ba yaran mota ko wani mai rakiyar goro ya kai gida. Ma'anarsa ita ce ina raye, ban lalace ba, ga shaida. Da irin wannan hoto aka nema wa mutane da yawa aure a gida, har da waɗanda rigar ta aro ce.

Akwai wani abu da ya kamata a ce mun yi alfahari da shi a garin nan. J. D. Okhai Ojeikere, wanda hotunansa na kitson matan Nijeriya suka zaga duniya, da ƙaramar Brownie ya fara a 1950, kuma a nan Badun ya samu aikin yaron ɗakin duhu a Ma'aikatar Watsa Labarai a 1954, kafin ya koma gidan talabijin na garin a 1961. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitso, ya tara kusan 1,000 kafin rasuwarsa a 2014. A Bini kuma Solomon Alonge ya buɗe shagonsa a 1942, ya yi wa fada da mutanen gari hoto na shekaru masu yawa, kuma saboda an adana nagetif ɗinsa, a 2014 aka baje kolinsu a Washington. Abin lura a nan shi ne adanawa. Masu hoton da suka yi wa Sabo aiki ba lallai ne a ce waɗannan sun fi su ido ba. Nasu dai ba a ajiye ba ne.

Wajen shekarun 1970 ƙananan kyamarori suka shigo gidaje, irin su Instamatic da Kodak ta fitar a 1963, wadda ake jefa mata fim a cikin ɗan kwanso, ba sai an iya naɗi ba. Alhazai sun riƙa dawowa da irinsu tsaraba. A wajena wannan shi ne babban sauyi, fiye da zuwan kala. Dalili kuwa, iyayenmu mata suna cikin kulle, ba mai barin ƙato ya shigo masa gida da kyamara. Amma ɗan gida mai shekara 14 da aka ba kyamarar Makka, ba mai hana shi. Kusan duk hotunan cikin gida da muke da su na wancan lokaci, na tsofaffi suna tankaɗe, na amarya gaban jeren kwanoninta, na 'yan mata da tiren talla, irin waɗannan yara ne suka ɗauka. A karkace suke, wasu an yanke kai, wasu yatsa ya rufe rabi, amma babu wani gidan tarihi da yake da kamarsu.

Da kala ta yi ƙarfi a shekarun 1980, sai sana'ar ta canza hannu. Hoton baƙi da fari mai shago ne yake wanke abinsa a ɗakin baya. Na kala kuwa sai inji, don sinadaransa suna son zafi daidai wajen digiri 38, ba ƙari ba ragi. Don haka duk wanda ya mallaki kyamara sai ya zama mai hoto, ya ɗauka ya kai wa masu inji. A nan ne aka samu 'yan pa-pa-pa, masu faɗowa wajen biki ba gayya, su ɗauke ka, su ruga wanki, su dawo kafin a watse su tallata maka fuskarka. Sai kuma faɗuwar naira daga 1986 ta sa fim da takarda suka yi tsada, tsofaffin shaguna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wayar salula ta zo a 2001, ba a daɗe ba ta yi ido. A can waje ma haka abin yake: Agfa ta hoto ta durƙushe a 2005, Polaroid ta bar yin fim a 2008, aka daina Kodachrome a 2009, ita kanta Kodak ta kai ƙarar karayar arziki a 2012, alhali ma'aikacinta ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975.

Sai ga shi kuma fim bai mutu ba. Kodak ta dawo da Ektachrome a 2018, kamfanin Pentax ya fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024, Ilford na Ingila bai daina yin baƙi da fari ba. Mu nan ba mu kai goma ba: ni, da wani tela, da ɗan canji guda, da malamin firamare, sai wasu ɗalibai Yarabawa biyu daga jami'a, ɗaya mace. Mukan haɗu bayan la'asar idan wani ya karɓo wanki, a baje hotuna a kan tabarma a yi ta musu. Na kala Ikko muke aikawa, a wanke a yi sikanin a turo. Baƙi da fari kuwa da kanmu muke yi, kuma a nan ake shan wahala. Ruwan wankin yana son digiri 20, na famfonmu kuwa ya fi haka da nisa, sai an nemo ƙanƙara ana tsoma ma'auni. Idan ka yi sakaci ruwan ya yi ɗumi, hoton zai fito da tsakuwa-tsakuwa kamar an watsa gero. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai ka jiƙa banɗaki sharkaf sannan ka rataye fim ya bushe a ciki.

Gardamar da ta fi daɗewa a tsakaninmu ita ce ta farar riga da baƙar fuska. Telanmu ya ɗauki dattawa a ƙofar masallacin Juma'a, fim guda cur mai 36, da aka wanko sai ga riguna tas, har zaren aikin ana ƙirgawa, fuskoki kuwa kamar gawayi. Shi ya ce masu wanki ne suka cuce shi. Ɗalibar nan ta ce ba ruwan masu wanki, ma'aunin hasken kyamara ne: shi duk abin da ya gani so yake ya mayar da shi toka-toka, to da ya ga farin yadi ya cika wuri sai ya rage haske, fuska ta tafi. Maganinsa a matsa kusa a auna hasken a kan fuskar, ko a ƙara buɗe ƙofar haske da mataki ɗaya, tunda fim na nagetif ya fi jure yawan haske a kan ƙarancinsa. Gaskiyarta ne. Amma ni na ƙara musu da cewa laifin bai tsaya nan ba. Shekara da shekaru masu injin kala da hoton wata Baturiya suke daidaita injinsu, katin da ake kira Shirley, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 Kodak ta fito da wanda ya haɗa da baƙar mace. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta ruwaito cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita, yana cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa. Tsofaffin masu hotonmu ba su jira Kodak ba. Suna da fensir mai tsini da suke bin fuska da shi a kan nagetif, a wajen bugawa kuma su sa tafin hannu su tare haske daga fuskar na 'yan daƙiƙoƙi, su bar shi ya ci rigar. Shi ya sa hoton 1960 na baƙi da fari yakan fi na 1985 mai kala nuna kamannin mutum.

Inda nake saɓawa da abokaina shi ne abin da muke ɗauka. Samarin sun fi son faɗuwar rana, da jajayen rufin kwano na cikin gari daga saman Dutsen Mapo, da tsohuwar mota a gefen titi. Suna da kyau, ban musa ba. Amma ni ina ganin wanda ya iya riƙe nagetif ba tare da ya sa masa yatsa ba, ya san kuma yadda ake fito da hoto daga cikinsa, akwai aikin da ya fi wannan jiransa, don tsofaffin suna ƙarewa.

Kurmi ba ya raga wa fim. Danshi yana sa fumfuna ta cinye fuskar nagetif, zafi kuma yana ruɓar da shi har ya riƙa wani warin tsami, ya nannaɗe ya yi ƙwanƙwasa. Idan ya fara wannan wari ba ya dawowa, kuma yana shafar na kusa da shi. Hotunan kala na shekarun 1980 duk sun koma ja, don launin shuɗin cikinsu shi ke fara gudu. Gara da ɗigar rufi sun ci nasu. Sannan ga gobara da rikici: Shagamu a Yulin 1999, Ketu a Nuwamban shekarar, Idi-Araba a Fabrairun 2002, kasuwar Shasha a nan Badun a Fabrairun 2021. Wanda yake gudun ransa ba ya tsayawa ɗaukar albam. Na kuma bi sawun wani shago da ya yi wa unguwarmu hoto fiye da shekara 30, na tarar mai shi ya rasu, magada sun sayar da buhunan nagetif ga masu ƙona su don cire azurfar jiki. Ban ga laifinsu sosai ba, ba wanda ya taɓa zuwa ya nuna musu yana so.

Abin da ya sa na damu shi ne, mu ba mu da takarda. Duk lokacin da aka tashi maganar fili, ko rumfar kasuwa, ko takardar shaidar ɗan ƙasa ga yaron da kakansa ma a nan aka haife shi, tambayar ita ce yaushe kuka zo. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan cikin jami'ar Badun, an kafa hukumarsa tun 1954, amma abin da ke ciki yawanci abin da hukuma ta rubuta ne game da mu. Hoton da ke da hatimin shago a bayansa, da kwanan wata, da ginin da kowa ya sani a bayan mutum, shaida ce da ba ta buƙatar lauya.

Don haka duk mai tsofaffin hotuna a gida, don Allah kada a kai su laminatin, zafin injin da gam ɗinsa suna kashe hoto kuma ba a iya ɓarewa. A fitar da su daga albam mai danƙo idan za su fita ba tare da yagewa ba. Nagetif a sa kowanne a ambulan na takarda, ba leda ba, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da iska, nesa da ƙasa da bango, wanda ya fara tsami a ware shi daban. Idan hoto ya manne da gilashin firam, a bar shi haka, a ɗauke shi da waya ta cikin gilashin. Sannan a samu tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, a zauna da ita da fensir, ba biro ba, ta faɗi sunan kowa da garinsu da sunan maigidan da ya sauke shi, a rubuta a baya. Wanda yake da nagetif bai san me ke ciki ba, ya kawo mana, muna da fitila da madubin dubawa, ba ma karɓar ko kwabo, kuma a gabansa za a duba ya koma da abinsa.